Yadda Ake Zaɓen Fankar Sama Wadda Ba Za Ta Cutar da Iyali Ba

Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa lokacin da ruwan farko zai sauka, zafin Zariya yakan kai matsayin da ɗaki ba ya kwantuwa sai da fanka, domin a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan doshi digiri 40 da rana, kwanon rufi kuma ya riƙe wannan zafi har cikin dare. A wannan lokaci ne shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru suke cika da masu neman fankar sama, kuma tambayoyin da ake yi wa mai shago ba sa wuce uku: nawa ce, inci nawa ce, tana da iska kuwa? Da wuya ka ji wanda ya tambayi da me aka ƙera ta, alhali kuwa abu ne da zai rataya a saman kan yaransa shekara goma ko fiye, yana juya iskar da suke shaƙa daga magariba har asuba.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun daga farko domin kada a tsorata mutane a banza. Fanka mai kyau, ta ƙarfe, wadda injinta ba ya ɗaukar zafi, ba ta fitar da wani abu da zai dami lafiyar mutum. Cutarwa tana shigowa ne ta ƙofofi sanannu: fentin da ke ɓarewa ya zama ƙura, katakon da aka haɗa da gam mai hucin guba, robar da ba a san asalinta ba, injin da ke gasa wayoyinsa, da kuma silin ɗin da za a huda wajen ratayawa. Yawancin waɗannan kuwa zafi ne yake tayar da su. Saboda haka duk matakan da za su biyo baya suna komawa ga nufi ɗaya, wato samun fankar da ba ta zafi fiye da kima, ba ta wari, kuma ba ta zubar da komai daga jikinta.

Mataki na farko a gida ake yin sa, kafin a taka kasuwa. Ka auna faɗin ɗakin da tsawonsa da nisan silin daga ƙasa. Ɗakin kwana na ƙafa 10 zuwa 12 fanka mai inci 48 ta ishe shi, falo mai faɗi kuma yana buƙatar mai inci 56, wadda a jikin kwali za ka ga an rubuta milimita 1400. Amfanin wannan awo ga batunmu shi ne, ƙaramar fanka a babban ɗaki kullum a lamba ta ƙarshe za a bar ta, ta yi ta gudu ba hutu har injin ya gaji da wuri. Fukafukan su kasance aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, kuma a bar kamar rabin mita tsakanin bakinsu da bango. Sannan ka ɗaga kai ka tantance irin silin ɗin, ko na roba ne, ko POP, ko kankare, ko azara irin ta sorayen cikin birni, ko kuwa farin allon nan mai tauri na tsofaffin gidaje. Za mu dawo kan wannan na ƙarshe, domin yana da muhimmanci ƙwarai.

Mataki na biyu shi ne duba fukafukai, kuma a nan ne mai saye ya fi samun zaɓi. Iri huɗu ake samu a kasuwa: alminiyam, baƙin ƙarfe, roba, da katako. A ganina alminiyam ne ya fi dacewa da gidan mai iyali a Zariya. Ba ya tsatsa idan damina ta kankama a watan Agusta, ba shi da nauyin da zai wahalar da inji, ba a haɗa shi da gam ba, kuma tsumma mai ɗan laima ya isa ya share shi. Baƙin ƙarfe shi ma ba shi da guba a karan kansa, sai dai idan tsatsa ta shiga ƙarƙashin fentinsa takan ɗaga shi ya riƙa zubowa. Hanyar bambance su mai sauƙi ce: ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar sifika. Idan ya manne wa fiffiken, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, alminiyam ne.

Fukafukan katako su ne suka fi ɗaukar ido, musamman irin fankokin ado masu fukafukai biyar da fitila a tsakiya, waɗanda ake sawa a falon amarya. Kaɗan ne daga cikinsu suke katako na asali. Yawancinsu allon MDF ne, wato garin itace da aka kwaɓa da gam aka matse, sannan aka lulluɓe shi da leda mai zanen katako. Gam ɗin da aka fi amfani da shi a wannan aiki yana sakin wata iska mai suna fomaldihaid, wadda ke sa yajin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro, tana kuma tayar da asma ga masu ita. Tun a shekarar 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan iska cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan'adam. Abin da ya sa batun ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi shi ne, zafi da laima suna ƙara yawan abin da allon ke saki, kuma babu inda ya kai ƙarƙashin silin zafi a cikin ɗaki. Ba ina cewa fukafukai biyar kaɗai za su cika ɗaki da guba ba ne, amma a ɗakin da dama akwai sabon gado da wadirof da dirowa duk na irin wannan allo, tagogi kuma a rufe saboda sauro, babu dalilin ƙara wani tushen. Wanda ya nace sai na katako, to ya duba ramin da noti ke shiga: katakon asali yana nuna jijiyoyin itace, MDF kuwa launi ɗaya ne mai kama da kwali. Ya nemi kuma alamar E1 ta Turai ko CARB ta Amurka a jikin kwalin, domin su ne ma'aunan da ke iyakance yawan wannan iska.

Game da roba kuwa, irin da ake kira ABS, wadda kamfanonin kirki ke amfani da ita, tana da ƙarko kuma ba ta da matsala a zafin ɗaki. Abin gudu shi ne baƙar roba mai arha wadda aka narko daga tarkacen tsofaffin talabijin da kwamfuta, domin irin waɗannan tarkace sukan zo da sinadaran hana kama wuta da ƙasashe da yawa suka haramta. Ka juya fiffiken ka duba bayansa, domin masana'antar da ta san abin da take yi takan buga sunan robar a jiki. Idan babu wani tambari, ga kuma wari mai kama da na ƙonanniyar taya, ka mayar wa mai shago kayansa.

Mataki na uku fenti ne, kuma a nan zan ɗan tsawaita, saboda mutanen Arewa sun san abin da dalma take yi wa yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, waɗanda suka tsira kuma da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ita ma dalmar da ke cikin fenti abin gudu ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin da ke shiga a hankali ba ya sa zazzaɓi ko kuka balle uwa ta farga, sai dai ya rage wa yaro kaifin fahimta, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai domin ya bushe da wuri, ya yi haske, ya kuma hana tsatsa, kuma launukan da aka fi samunta a cikinsu su ne rawaya da ja da ruwan lemo. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, kuma iyakar da ƙasashe da dama suke bi a yau ita ce kashi 90 cikin miliyan. Fanka mai ɓarewar fenti tana da wata illa ta daban, domin da kanta take watsa garin a kan tabarma da katifa da kwanon abinci, inda yaro mai rarrafe zai kwasa da hannu ya kai baki.

Ido ba ya ganin dalma, hanci kuma ba ya jin ta, saboda haka dabarar ita ce zaɓen irin fentin da ba ya ɓarewa. Masana'antun zamani suna fesa fentin gari a jikin ƙarfe, su gasa shi a tanda har ya narke ya kama, kuma irin wannan ba a haɗa shi da tina ba, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, don haka ba ya huci bayan an kawo shi gida. Za ka gane shi da laushinsa iri ɗaya ko'ina, babu alamar buroshi, babu inda ya tsiyaya ya daskare. Ka sa farce a gefen fiffike inda ba a gani ka ɗan karta. Idan ya ɗago ko ya bar launi a farcenka, fentin hannu ne aka shafa. Fari ko ruwan madara ko ruwan ƙasa na masana'anta sun fi kwanciyar hankali a kan launuka masu walƙiya na kamfanin da ba a san shi ba.

Mataki na huɗu shi ne inji, wato kan fankar. A cikinsa akwai naɗin waya da masu gyara ke kira koyil, an lulluɓe wayar da wani gam mai ƙyalli domin kada zare ya taɓa zare. Idan wayar ta jan ƙarfe ce, wuta tana ratsa ta cikin sauƙi. Alminiyam kuwa kusan kashi 61 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, don haka idan masana'anta ta yi rowar kauri, koyil ɗin yakan yi zafi, gam ɗin ya soma gasuwa, shi ne warin nan mai hawa kai da ake ji a ɗakin da fanka ta kwana tana gudu. Idan abin ya ci gaba, robar PVC da ke jikin wayoyin haɗi, wadda yawancinta digiri 70 aka yi ta ta jure, ita ma sai ta fara narkewa, hayaƙinta kuwa yana ƙona hanci da huhu, kuma daga nan gobara ba ta da nisa. A garin da wuta takan zo wani lokaci da rauni, wani lokaci da ƙarfi, ga kuma janareta, injin da ba shi da ƙwari ba ya daɗewa kafin ya kai wannan hali. Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Alhaji, koyil ɗin nan jan ƙarfe ne zalla ko alminiyam ne aka yi wa ruwan jan ƙarfe?" Ka kuma ɗaga kan fankar da hannu ka kwatanta da na wata mai girmanta, domin mai jan ƙarfe da isasshen ƙarfe a ciki yakan fi nauyi. Araha ba ta ado, kuma a kan inji ne aka fi rage kaya idan ana son karya farashi.

Ga wanda yake da hali, akwai sababbin fankoki masu injin da ake rubutawa BLDC, waɗanda suke cin wat 28 zuwa 35 a maimakon wat 70 zuwa 80 na fankar da aka saba. Ƙarancin cin wutar yana nufin ƙarancin zafi a cikin injin, sannan ga sauƙi ga mai amfani da sola da inbata. Kuɗinsu ya fi yawa, kuma gyaransu ba kowane mai gyara ya iya ba tukuna, saboda haka a tambayi inda ake samun kayan gyaransu kafin a biya.

Mataki na biyar karatun kwali ne. Ka nemi cikakken sunan kamfani da adireshinsa da lambar samfurin, da rubutun da ke nuna bolt 220 zuwa 240 da hez 50, wanda shi ne tsarin wutar Najeriya. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da tsarin SONCAP na kayan da aka shigo da su, da MANCAP na waɗanda aka ƙera a gida masu ɗauke da tambarin NIS. Akwai kuma alamar RoHS, wadda ta samo asali daga dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006, ta taƙaita dalma da zaiba da kadmiyam da wasu sinadaran hana kama wuta a kayan lantarki. Ita ce alamar da ta fi kusa da batun da muke yi. Sai dai kowa ya san buga tambari a kwali ba ya wahalar da mai jabu, don haka alamar ba ta wadatar ita kaɗai. A haɗa ta da sayen kaya wurin dilan da ya yarda ya rubuta rasit mai ɗauke da sunan fankar da lambarta, ya kuma sa hannu a takardar garanti. Wanda ya ƙi rubuta wannan ya riga ya gaya maka matsayin kayansa.

Mataki na shida gwaji ne a cikin shagon. A buɗe kwalin a gabanka, ka sunsuna cikinsa. Ɗan ƙamshin sabon abu ba laifi ba ne, amma warin da ke sa yajin ido ko tari alama ce ta gam ko fenti marar kyau. Ka juya kan fankar da hannu ka saurara, domin boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da kan fankar ke juyawa a kansa, idan mai kyau ne ba ya ƙara kuma ba ya cijewa. Idan akwai wuta ko janareta, ka roƙi a haɗa ta ta yi gudu na ɗan lokaci, a kashe, ka taɓa jikin injin. Ɗumi ba komai ba ne, amma zafin da hannu ba zai iya tsayawa a kai ba dalili ne na fasa ciniki. Kada a manta da regileta. Tsohuwar irin nan mai babban akwati tana rage gudu ne ta hanyar mayar da wuta zafi, shi ya sa bangon da ke samanta yake yin baƙi. Ƙaramar ta zamani mai aiki da kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe wuta yana sakin ta, ba ta yin haka. Idan fankar mai fitila ce, a sa mata ƙwan LED, a guji ƙwan nan mai murɗaɗɗiyar kwalba, domin akwai zaiba a cikinsa, kuma idan girgizar fanka ta fasa shi a kan gado zai zube.

Mutane da yawa sun fi amincewa da tsohuwar fanka ta gwanjo, suna cewa ƙarfen da ya fi na yanzu, kuma ta fuskar ƙarko sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma akwai abubuwa biyu da ya wajaba a sani. Na ɗaya, fentinta na zamanin da ba a damu da dalma ba ne, kuma masu sayarwa sukan goge ta da samfefa su sake fesa mata fentin mai domin ta yi kyan gani. Na biyu, kafasitar kayan lantarkin da aka ƙera kafin shekarun 1980 tana iya ƙunsar wani mai da ake kira PCB, wanda Amurka ta hana ƙerawa a 1979, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sanya shi cikin gubobin da duniya ta amince a kawar da su saboda ba sa ruɓewa kuma suna taruwa a jikin mutum. Duk wanda ya gaji irin wannan fanka a tsohon gida, idan ya ga kafasita mai gwangwanin ƙarfe tana tsatsafo da mai, kada ya taɓa da hannu tsirara. A sa safar roba a cire ta, a ƙulle a leda mai kauri, kada a ƙona ta kuma kada a bar yara su yi wasa da ita, a sa sabuwa busasshiya a madadinta. Fentin tsohuwar fanka kuma kada a kankare shi a busashe a tsakar gida.

Yanzu sai ratayawa, kuma a nan ne batun silin ya dawo. Farin allon nan mai tauri da aka yi wa gidaje da yawa a shekarun 1960 zuwa 1980, wanda har yanzu yake a tsofaffin unguwannin ma'aikata, galibinsa siminti ne haɗe da wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbestos. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne, amma da zarar an huda shi ko an yanka da zarto sai ya saki zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙalewa a huhu su haifar da ciwo bayan shekara 20 ko fiye. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da ramin da yake akwai tun asali. Idan huda ta zama dole, a kashe wuta daga babban makunni, a fitar da yara da kayan shimfiɗa, a jiƙa wurin da ruwa, a yi aiki da kayan hannu a hankali ba da injin huda ba, mai aikin ya sa takunkumi mai tace ƙura, sannan a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a jefar da shi a ƙulle. Kada a yi shara da tsintsiya, kuma kada a kunna fankar sai an gama gogewa.

Kowane irin silin ne, ba a jikinsa ake rataya fanka ba. Ƙugiyar ta kama katakon rufi mai ƙwari ko rodin da ke cikin kankare, a soron ƙasa kuma a tabbatar gara ba ta ci azarar ba. Ka tsaya a kan mai haɗa wutar ka ga ya ɗaure notin sandar ya sa ɗan fil ɗin ƙarfe da ke hana shi kwancewa, ya ɗaura igiyar ƙarfen kariya idan fankar ta zo da ita, ya haɗa wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, kuma ya yi amfani da mahaɗin waya na gaskiya a maimakon murɗa wayoyi a naɗe da salatif, domin sakakken haɗi wuri ne da zafi ke taruwa.

A kwanakin farko ka bar tagogi a buɗe fankar tana gudu da rana, domin duk wani hucin sabon kaya ya fice kafin a kwana a ɗakin, musamman idan akwai jariri ko mai asma. Daga nan sai kula. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a saman fukafukai, ta haɗu da hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro ta zama danƙo, ranar da aka sake kunna fankar kuma duk ta sauko kan mutane, shi ya sa ya kamata a goge ta kafin zafi ya shigo, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan 'yan makonni. Ruwa da ɗan sabulu a tsumma sun wadatar. Fetur da kalanzir suna cin fenti kuma tururinsu yana cika ɗaki. A goge kowane fiffike ba tare da an danna shi ba, domin lanƙwasa kaɗan takan sa fanka rawa, rawar kuma ta cinye boris. Idan gudunta ya ragu, yawanci kafasita ce ta yi rauni, a canza ta da mai lamba irin ta asali. Idan kuwa aka ji warin ƙuna ko aka ga jikin injin ya sauya launi, a kashe ta nan take, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya sauke ta ya buɗe ya duba koyil ɗin.